Tsoron Tiyatar Cire Mahaifa: Daga Ina Muka Gado Shi?

Bara, ana saura kwana uku a shiga da gwaggona ɗakin tiyata, ta kira ni ƙuryar ɗakinta ta sa sakata. Haihuwarta tara. Ta ce tun bayan haihuwar autanta take jin wani abu kamar ƙwallo yana saukowa ta gabanta, musamman in ta daɗe a tsaye ko ta ɗauki bokitin ruwa. Shekara 11 tana mayar da shi da hannu tana yin shiru, ko mijinta bai san takamaiman abin da ke damunta ba. Sai da fitsari ya fara yi mata gardama sannan ta je asibiti. Likita ta ce mahaifarta ce ta sauko, za a cire ta, a kuma ɗinke bangon da ya saki.

Ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ke da kika yi karatun kimiyya, kar ki ɓoye mini. Ana tashi kuwa?"

Na ce, "Ana tashi, Gwaggo, da yardar Allah." Amma na ga amsar ba ta ƙosar da ita ba. Shi ya sa na koma na bi diddigin wannan aiki tun daga farkonsa. Abin da na tarar shi nake so in ba ka labari, mai karatu, ko kai ne mijin, ko ɗan, ko kuma ke ce aka ba ranar aikin. Tsoron nan yana da asali. An yi zamanin da wadda ta ji shi tana da cikakkiyar hujja. In ka san abubuwan da suka haifar da shi, da yadda aka yi maganinsu ɗaya bayan ɗaya, za ka gane wanne ne ya wuce, wanne ne kuma ya rage a hannunmu.

Me ke saukowa, kuma me ya sa?

Ka san ragaya, wadda ake ratayewa a ɗaki a ɗora ƙwarya? To haka mahaifa take zaune a cikin ƙugu. Girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, jijiyoyi na riƙe da ita daga gefe, tsokoki kuma na tallafe da ita daga ƙasa. Mafitsara na gabanta, ƙarshen hanji na bayanta. In igiyoyin ragaya suka miƙe, ƙwarya sai ta yi ƙasa. Haihuwa da yawa, doguwar naƙuda, ƙaton jariri, ɗaukar kaya masu nauyi, tari mai daɗewa, yawan yunƙuri a bayan gida, ƙiba, da raunin da ke zuwa bayan ɗaukewar al'ada, duk suna miƙar da waɗannan igiyoyi. Wani lokaci mahaifar ce ke saukowa, wani lokaci mafitsara ko hanji ne ke turo bangon farji, wani lokaci kuma duka.

Abin ba baƙo ba ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1997 ya ƙiyasta cewa kimanin mace 11 cikin 100 za a yi mata tiyata saboda saukowar mahaifa ko zubar fitsari kafin ta kai shekara 80. Waɗanda ke fama da shi ba su je asibiti ba kuwa sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Hayaƙi, rumman da tsani

Mata sun daɗe suna wannan fama. A Masar, an samo wata tsohuwar takarda da ake kira takardar Ebers, wadda aka rubuta kimanin shekara 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A cikinta akwai magungunan mayar da mahaifa mazauninta. Ɗaya daga ciki shi ne a ƙera tsuntsu da kakin zuma, a ɗora a garwashi, mace ta tsuguna hayaƙin ya shige ta. Duk wadda ta san turaren tsuguno za ta gane yadda abin yake.

Girkawa sun ɗauka mahaifa tana yawo a cikin jiki, tana bin ƙamshi tana gudun wari. Saboda haka in ta sauko, sai a sa wa mace turare mai daɗi a hanci, a banka abu mai ɗoyi ta ƙasa, wai don mahaifar ta gudu sama. A littattafan da ake jingina wa Hippocrates akwai abin da ya fi wannan: a ɗaure mace a jikin tsani, kai ƙasa ƙafa sama, a yi ta jijjiga tsanin har mahaifar ta koma. Wata dabarar tasu ta fi kama hankali. Sukan jiƙa rabin rumman a ruwan inabi mai tsami su tura shi ciki ya tokare mahaifar. Zoben robar da likitoci ke sawa a yau jikan wannan rumman ne.

A ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), wani likita mai suna Soranus, ɗan garin Afisa da ya yi aiki a birnin Rum, ya ƙi yarda da batun cewa mahaifa dabba ce mai yawo, ya kuma soki ratayar mata a tsani. Ya rubuta cewa in ɓangaren da ya fito ya ruɓe har ya yi baƙi, ana iya yanke shi. Ka lura da sharaɗin: sai an ga mutuwa ƙiri-ƙiri ake ɗaukar wuƙa.

Akwai kuma matsalar da ta girmi wuƙa, wato kunya. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, babban likitan tiyata na Kurɗuba a Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya rubuta littafinsa At-Tasrif mai juzu'i 30. Da ya zo kan cire tsakuwa daga mafitsarar mace, ya bayyana cewa babbar wahalar ita ce mace mai kamun kai ba za ta yarda namiji ya duba ta ba, ga kuma ƙarancin mata masu sanin aikin. Shawararsa ita ce a nemo likita mace ko ungozoma, a riƙa gaya mata abin da za ta yi. Shekara dubu ke nan, amma kai ka ce labarin gwaggona yake bayarwa.

In kana son sanin inda shiru ke kai mace, ga misali daga Ingila. Wajen 1670, wani mai karɓar haihuwa da ake kira Percival Willughby ya rubuta labarin wata baƙauyiya da mahaifarta ta zazzago tana ɗauke da kayan gawayi mai nauyi. Abin ya ishe ta, ta ɗauki wuƙa ta yanke da kanta. Ta rayu shekaru bayan haka, amma da yoyon fitsari har ƙarshen rayuwarta.

Wuƙa ba tare da barci ba

A Disambar 1809, a jihar Kentucky ta Amurka, wata mata mai suna Jane Todd Crawford ta ɗauka cikin tagwaye ne da ita ya wuce wata tara. Likita Ephraim McDowell ya duba ta ya ce ƙari ne a ma'ajiyar ƙwanta. Bai rufe ta ba. Ya gaya mata cewa buɗe ciki a cire irin wannan ƙari abu ne da ba a san an yi shi an rayu ba, amma in ta amince zai gwada. Ta hau doki ta yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa gidansa a garin Danville. Ranar 25 ga Disamba ya yi aikin cikin kimanin minti 25, idonta biyu, tana karanta Zabura. Ƙarin ya kai kilo 10. Ta warke, ta koma gida, ba ta rasu ba sai 1842 tana da shekara 78.

Wannan ba cire mahaifa ba ne, amma shi ya nuna ana iya buɗe cikin mace ta rayu. Ka riƙe abu biyu daga labarinta, za mu dawo kansu: an gaya mata gaskiya, kuma ta shiga da abin da ke kwantar mata da hankali.

Shekara 4 bayan haka, a 1813, Conrad Langenbeck na garin Göttingen a Jamus ya cire mahaifar wata mata ta farji, aikin da ya tsara da gangan, babu maganin barci. Matar ta rayu, amma abokan aikinsa suka ƙi gaskata shi. Sai bayan shekara 26, da ta rasu aka binciki gawarta, aka tabbatar lallai babu mahaifa.

Cirewa ta hanyar buɗe ciki ta fi haɗari. Charles Clay ya gwada a Manchester a 1843, matar ta rasu. Nasara ta farko ta zo a 1853 a garin Lowell na Amurka, kuma kusan bisa kuskure. Walter Burnham ya buɗe cikin wata mata yana zaton ƙarin ma'ajiyar ƙwai ne, sai ta yunƙura da amai, ƙatuwar mahaifa mai ƙari ta fito waje, ya kasa mayarwa, dole ya cire. Ta rayu. Amma mafi yawan matan da ya yi wa irin aikin daga baya ba su tashi ba. A tsakiyar wannan ƙarni, kusan mace 7 cikin 10 da aka cire wa mahaifa ta ciki mutuwa suke yi.

To ka ga, kakar kakar da ta ce wa jikarta "wadda ta shiga ba ta fitowa" ba ƙarya ta yi ba. Abin da ta gani ta faɗa. Irin wannan magana kuwa takan daɗe a bakin mutane fiye da dalilin da ya haifar da ita.

Yadda aka karya maƙiya uku

Abu uku ke kashe mata a wancan lokaci ko su hana su zuwa: azaba, ƙwayoyin cuta, da zubar jini.

Azaba aka fara karyawa. Ranar 16 ga Oktoba 1846, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, William Morton ya shaƙa wa wani majinyaci sinadarin eta aka yi masa aiki yana barci a gaban jama'a. Shekara guda bayan haka James Young Simpson na Edinburgh ya fara amfani da kulorofom wajen haihuwa. A 1898 August Bier na Jamus ya kawo allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa mutum yana farke. Ita ce har yau ake yawan yi wa matan da za a cire wa mahaifa ta farji.

Sai ƙwayoyin cuta. A 1847, a babban asibitin birnin Biyana, Ignaz Semmelweis ya lura likitoci na fitowa daga ɗakin binciken gawa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin. Mutuwar masu jego a sashensa ta faɗo daga kimanin 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa kusan 2 cikin 100 cikin 'yan watanni. A 1867 Joseph Lister na Glasgow ya wallafa yadda yake tsabtace rauni da kayan aiki da sinadarin kabolik. Daga baya aka fara dafa kayan tiyata da tururi, aka sa safar hannu, sannan penisilin ya shigo asibitoci a shekarun 1940.

Jini kuwa, likitoci sun koyi ɗaure manyan jijiyoyin da ke ciyar da mahaifa kafin su yanke. A 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini, abin da ya buɗe hanyar yin ƙarin jini ba tare da an kashe wanda aka ƙara wa ba.

Alƙaluma sun nuna bambancin. Mutuwa a cire mahaifa ta farji ta kai kimanin 15 cikin 100 a 1886, ta sauko zuwa kusan 2.5 cikin 100 a 1910. A yau, a asibitin da ke da kayan aiki da ƙwararru, in ba don ciwon daji ko larurar gaggawa ake aikin ba, wadda ke rasuwa ba ta kai 1 cikin 1,000 ba. Tun 1988 ma, lokacin da Harry Reich ya fara a Amurka, ana iya cirewa ta 'yan ƙananan huji da na'ura mai kyamara.

Gyaran saukowar mahaifa shi ma ya yi rassa. Hugh Hodge ya ƙera zobensa na roba a 1860. Léon Le Fort na Faransa ya kawo aikin rufe farji a 1877, wanda har yau ake yi wa tsofaffin da suka daina kwanciyar aure. A 1888 Archibald Donald ya fara aikin da ake kira gyaran Manchester, inda ake rage bakin mahaifa a ɗaure jijiyoyi a bar mahaifar a wurinta. A 1948 Arnold Kegel ya bayyana atisayen matse tsokokin ƙasan ƙugu. Ma'ana, ba duk wadda mahaifarta ta sauko ce sai an cire mata ba.

Tsoro na huɗu: a yi maka abin da ba ka sani ba

Maganin barci ya kawo sabon fargaba. Wadda ke barci ba ta san me ake yi mata ba, kuma tarihi ya nuna wannan fargaba ba ta banza ba ce.

Tsakanin 1845 da 1849, a Alabama, J. Marion Sims ya yi ta gwada ɗinkin yoyon fitsari a jikin bayi mata baƙaƙe, waɗanda ba su da ikon cewa a'a. Tarihi ya riƙe sunayen uku: Anarcha, Lucy da Betsey. Anarcha kaɗai an yi mata aiki kusan sau 30 babu maganin barci. An daɗe ana kiran Sims uban likitancin mata, sai a 2018 aka tsige gunkinsa daga dandalin Central Park a New York. Daga 1872 kuma, Robert Battey ya yaɗa cire lafiyayyun ma'ajiyar ƙwai don wai maganin ciwon al'ada da taɓuwar hankali. Tsohon tunanin Girkawa ne ya dawo da sabuwar riga, wato duk abin da ya dami mace daga mahaifarta yake.

Wata mata mai suna Mary Schloendorff ta yarda a sa ta barci a duba cikinta a wani asibitin New York, amma ta ce kar a yi mata aiki. Ta farka ta tarar an cire mata ƙarin mahaifa. Ta kai ƙara. A hukuncin 1914, alƙali Benjamin Cardozo ya bayyana cewa baligi mai hankali shi ke da ikon yanke abin da za a yi wa jikinsa, kuma likitan da ya yi aiki ba da izini ba ya yi ta'adi. Ita ba ta ci shari'ar ba, saboda kotu ta ce ba asibitin ne ke da alhaki ba, amma wannan hukunci ya zama ginshiƙin takardar amincewar da ake sa hannu a kai yau. Duk da haka abin bai tsaya ba. A 1961 Fannie Lou Hamer, wadda daga baya ta shahara a gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen Amurka, ta je cire ƙari a Mississippi aka cire mata mahaifa ba da saninta ba.

Na kusa-kusa shi ne batun ragar roba da aka riƙa dasawa ta farji don tallafe bangon da ya saki. Mata da yawa sun samu ciwo mai tsanani, suka yi ta kuka ana cewa babu komai. Sai da suka haɗu a zaurukan Facebook suka gane ba su kaɗai ba ne, suka matsa wa hukumomi. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana sayar da irin wannan raga don gyaran saukowar mahaifa ta farji. A 2020 kwamitin da Baroness Cumberlege ta jagoranta a Birtaniya ya tabbatar an daɗe ana watsi da koke-koken matan. Wannan karon ba sabon magani ne ya kawo gyara ba. Mata ne suka yi magana da juna.

Da aka fara auna tsoro

Shin tsoro kansa yana shafar warkewa? A 1958 masanin halayyar ɗan Adam Irving Janis na Jami'ar Yale ya bibiyi masu jiran tiyata. Ya ce wanda ya ɗan damu ya tambaya ya shirya zuciyarsa ya fi jure abin da ke biyo baya a kan wanda ya toshe kunne ya ce babu komai. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da duk abin da ya faɗa ba, amma ya buɗe ƙofa.

Lawrence Egbert da abokan aikinsa, a asibitin nan na Boston inda aka fara nuna amfani da eta a gaban jama'a, su suka kawo hujja mai ƙarfi. A 1963 suka kwatanta maganin kwantar da hankali da ziyarar likitan barci kafin aiki. Waɗanda aka ba magani kaɗai sun yi gyangyaɗi amma hankalinsu bai kwanta ba. Waɗanda likita ya je ya yi musu bayani kuwa sun fi natsuwa. A 1964 suka raba majinyata 97 masu jiran aikin ciki gida biyu. Rukuni ɗaya an gaya musu inda za su ji ciwo, yaya zai kasance, tsawon wane lokaci, da yadda za su yi numfashi su juya jiki. Ɗaya rukunin ba a yi musu wannan bayani ba. Likitocin tiyatar ba su san wa ke wane rukuni ba. Waɗanda aka yi wa bayani sun buƙaci kusan rabin allurar mofin da sauran suka buƙata, kuma an sallame su kusan kwana 3 kafin sauran.

Ka tuna Jane Crawford? Abin da McDowell ya yi mata a 1809 shi aka auna a 1964.

To, ke da aka ba rana

Ki tambaya, haƙƙinki ne, kuma kin ga wahalar da aka sha kafin ya tabbata. Me ya sa cirewa ta fi zoben roba ko gyaran da zai bar mahaifar? Ta farji za a bi ko ta ciki? Za a bar ma'ajiyar ƙwai? Wannan tambaya na da muhimmanci, domin in an bar su za su ci gaba da samar da sinadaran jikin mace, al'ada ce kawai za ta tsaya da ɗaukar ciki. In an cire su kina da sauran shekaru, alamun ɗaukewar al'ada za su zo nan take. Za a sa raga? Allurar baya ce ko ta barci? Kwana nawa za ki yi da robar fitsari?

Ki nemi a gaya miki haɗarin ma. Akwai zubar jini, shigar ƙwayoyin cuta, raunin mafitsara ko bututun fitsari, daskarewar jini a ƙafa, kuma bangon da aka gyara na iya sake saki bayan shekaru. Ki gaya wa likita duk abin da kike sha, har da na gargajiya, da batun hawan jini ko ciwon suga. In kina jin nauyi, ki rubuta tambayoyin a takarda, ki tafi da 'yarki ko ƙanwarki ta zama kunnenki na biyu. In kin fi sakewa da likita mace ko nas mace a wurin, ki faɗa.

Akwai tambayar da gwaggona ta kasa yi wa likita sai ni ta yi wa a kunne: zaman aure fa? Wani bincike da aka wallafa a 1999 kan mata sama da 1,000 a jihar Maryland ya nuna cewa bayan cire mahaifa, a dunƙule, kwanciyar aure ta ƙaru kuma masu jin zafi lokacinta sun ragu. Dalilin a fili yake, ciwon da ke hanawa ne aka kawar. Jin baƙin cikin rabuwa da mahaifa kuwa ba rashin tawakkali ba ne, musamman ga wadda ke da sauran burin haihuwa. In damuwar ta hana ki barci ko cin abinci kwana da kwanaki, ki gaya wa likita, shi ma abu ne da ake dubawa.

Kai kuma da ke gefenta

Mu Hausawa muna da abin da Egbert bai auna ba: jinya da dubiya. Amma a yi su da tsari. Asibitocinmu kan nemi dangi su ba da jini kafin aiki, to a nemo masu bayarwa tun da wuri. Bayan aiki ana buƙatar kimanin mako 6 ba ɗaukar nauyi, ba daka, ba jan guga, ba kwanciyar aure sai likita ya ba da izini. Wa zai ɗebo ruwa? Wa zai goya jika? A raba aikin tun kafin ta kwanta, domin komawa aikin ƙarfi da wuri na iya warware ɗinkin. In bayan sallama aka ga zazzaɓi, jini mai yawa, ruwa mai wari, kumburin ƙafa ɗaya ko wahalar numfashi, a koma asibiti nan take.

Kuma don Allah a kiyaye baki. Mai jiran aiki ba ta buƙatar labarin wance da ta shiga ba ta fito ba. Maigida, kalmarka ta fi ta kowa nauyi a nan. Da yawansu ba wuƙar suke tsoro ba kamar yadda suke tsoron a ce sun daina zama mata, ko kishiya ta samu abin gori. Ka raka ta wurin likita, ka ji bayanin da kunnenka, ka gaya mata matsayinta na nan.

Daren da za a shiga da gwaggona, mun zauna na karanta mata amsoshin da likitar ta ba mu ɗaya bayan ɗaya. Ta sa na maimaita na allurar baya sau biyu. Da safe ta shiga tana jan carbi a zuci, tun da an karɓe na hannun. Bayan awa biyu aka fito da ita idonta biyu, tana tambayar ko an ba jikokinta koko.

Kwana 10 da komawarta gida, wata maƙwabciyarta ta zo dubiya. Gwaggo ta gaya mata ainihin aikin da aka yi mata, ba ta ce "ciwon ciki" ba kamar yadda muka zata za ta ce. Matar ta yi shiru, ta jira ɗakin ya rage mutane, sannan ta matso ta ce ita ma shekararta 6 tana jin abu na saukowa. Ranar Litinin da ta biyo baya, 'yar Gwaggo ce ta raka ta asibiti.